Babi na Bakwai: Me Ke Sa Tsohuwar Motar Soja Girgiza?

Duk wanda ya taɓa sayen tsohuwar motar soja a gwanjo, ko ya yi aikin tuƙa ta, da wuya a ce bai yi wannan tambaya ba: me ya sa motar da ke ratsa yashi da taɓo ba gardama, da zarar ta hau kwalta ta sami gudu sai ta kama rawa, har madubi ya daina nuna abin da ke baya, sitiyari kuma ya nemi ƙwacewa daga hannun direba? Amsar da aka saba ji a gareji ita ce, "Ai haka motar soja take." Akwai ƙanshin gaskiya cikin wannan magana, domin waɗanda suka ƙera ta ba su damu da jin daɗin mai zama a ciki ba. Amma fa akwai bambanci tsakanin taurin da aka ƙera ta da shi da illar da ta same ta daga baya, kuma wanda ya kasa rarrabe su, ɗayan biyu zai same shi: ko ya ƙarar da dukiyarsa wajen canza kayan da ba su da laifi, ko kuwa ya yi ta haƙuri da girgizar har ranar da farfela za ta tsinke masa a tsakiyar hanya.

Motar da za mu yi misali da ita

Don kada bayani ya tsaya a sama, bari mu ɗauki mota guda, watau M35 ta sojojin Amurka, wadda kamfanin REO ya tsara, aka fara ƙera ta a 1950, ta yi yaƙin Koriya da na Biyetnam, daga bisani kuma ta bazu cikin ƙasashe da dama. An yi ta don ɗaukar tan biyu da rabi a jeji, tana da aksul uku da taya goma, biyu a gaba takwas a baya. Samfurinta da ya fi yawa a hannun farar hula, M35A2, yana da injin mai silinda shida a jere, wanda ke shan gas, ya kuma iya shan kalanzir idan larura ta kama, gudunsa kuwa bai cika wuce kilomita 90 a awa ba. Ƙa'idojin da za mu ambata sun hau kan Bedford RL ta Ingila, da Berliet GBC ta Faransa, wadda 'yar'uwarta Gazelle ta ratsa hamadar Tenere tsakanin 1959 da 1960. Alƙaluma dai za su bambanta.

Asalin mas'alar

Tsohuwa mai kaɗi ta san cewa idan gululu ya karkace, ko tsinken mazari ya tanƙware, to mazarin ba zai tsaya kan ƙafarsa ba, kuma gwargwadon ƙarfin murza shi, gwargwadon rawar da zai yi. Mota ba ta fita daga wannan hukunci ba. Duk abin da ke juyawa a jikinta, in nauyinsa ya rinjaya gefe guda, ko ya kauce daga tsakiyarsa, zai riƙa fizgar abin da ke riƙe da shi sau ɗaya a kowane zagaye, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin fizgar sau huɗu yake ninkawa.

Ga lissafi kaɗan, wanda shi ne mabuɗin babin nan duka. Tayar M35, mai lamba 9.00-20, tsayinta ya ɗan ɗara mita ɗaya, saboda haka zagaye guda yana cinye mita uku da 'yan kai na hanya. A gudun kilomita 80 a awa ke nan tana juyawa kamar sau bakwai a daƙiƙa, kuma busasshen taɓo mai nauyin kwatan kilo, in ya manne can kusa da bakinta, fizgarsa ta kai ta kilo 25. Farfela kuwa, tun da yake haƙoran aksul suna rage juyi da 6.72, tana juyawa kusan sau 47 a daƙiƙar nan guda, har ma ta fi injin sauri idan ana cikin giya ta biyar. Injin kuma da nasa gudun, wanda totur da giya ke hukunta shi, ba hanya ba.

Daga nan za a fahimci cewa girgiza gida uku ce. Ta ƙafafu mai nauyi ce, a hankali take zuwa, tana jijjiga mutum da kujerarsa, idan an rage gudu har a kusa iya ƙirga ta. Ta farfela ɓari ce mai sauri wadda ba ta ƙirguwa, a tafin ƙafa ake jinta da sandar giya, tare da gurnani a kunne. Ta injin kuwa tana hawa da sauka tare da totur. Bakaniken da ya san aikinsa ba ya taɓa sifana sai ya tabbatar da gidan da girgizar ta fito.

Gwaji kafin sifana

Direba yakan shigo gareji ya ce, "Maigida, motar nan ko'ina rawa take." Sai maigidan ya ce, "To, malam, a hannu ka fara jinta ko a kujera? Da safe ta fi yi ko da rana? Da kaya ko wayam? Wane aiki aka yi mata na ƙarshe?" Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi sauran daraja, domin girgizar da ta bayyana washegarin ranar da aka sauke giyabos ko aka canza taya, da wuya asalinta ya yi nisa da hannun wanda ya yi aikin.

Bayan tambaya sai gwaji, kuma sharaɗinsa na farko shi ne a sami kwalta mai laushi, miƙaƙƙiya, wadda ba cunkoso, domin hanyar burji mai gargada tana girgiza mai lafiya da marar lafiya baki ɗaya. Tun mota tana tsaye, giya a furi, a taka totur sannu sannu daga ƙasa zuwa sama. In girgizar ta zo alhali ba ƙafar da ta motsa, an gama bahasi, ta injin ce. In ba ta zo ba, a hau hanya a kai gudun da take bayyana, sa'an nan a taka kuloci na ɗan lokaci a bar injin ya kwanta motar tana gangarawa da kanta: wadda ta ɗauke tana da alaƙa da injin ko da ja, wadda ta zauna kuwa ta ƙafafu ce ko ta farfela. A kuma lura da halinta yayin da ake ba da wuta da yayin da aka ɗaga ƙafa, domin kuros da ya ci yakan yi shiru a ɗayan, ya yi magana a ɗayan. Idan kuwa sai an taka birki take zuwa, to gangar birki ce ta daina zama da'ira.

Akwai abin da ke rikita mutane, watau girgizar da ke tsananta a wani gudu, in an wuce shi ta lafa, har direba ya ce ta warke. Ba ta warke ba. Sifirin da taya da shasi suna da saurin lilo na ɗabi'arsu, kuma idan bugun abin da ya lalace ya yi daidai da wannan sauri sai su amsa masa da ƙarfi, in ya wuce su yi shiru, alhali fizgar tana nan tana cin boris.

Ƙafafu

A nan ya kamata a fi daɗewa, domin mafi yawan ƙorafi daga nan yake fitowa. Tsofaffin tayoyin soja da zaren nailan ake saƙa cikinsu, kuma ɗabi'ar nailan ce idan taya ta kwana a tsaye da nauyi a kanta, gefen da ya taɓa ƙasa ya baje, sai mota ta tashi da safe tana tsalle, bayan 'yan kilomitoci kuma, taya ta ɗumama, tsallen ya tafi. Wannan ba illa ba ce, kada a kashe masa ko kwabo. Amma motar da ta shekara biyar a ajiye a filin gwanjo, bajewar tata takan zama ta dindindin. Shekarun taya a rubuce suke a gefenta in an yi ta bisa ƙa'idar Amurka: a ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2309 ke nufin mako na 23 na 2009, in kuwa lambobi uku ne, to kafin shekarar 2000 aka yi ta, ko da kuwa zanenta bai ci ba ko kaɗan.

Gwajin alli shi ne mafi arha, kuma a ganina mafi gaskiya. A sa jak a ɗaga ƙafafun aksul guda, a tokare aksul da abin da ba zai zame ba, a ajiye bulo dab da taya, a ɗora alli a kansa ta yadda bakinsa zai kusa shafar roba, sa'an nan yaro ya juya ƙafar a hankali. In taya da'ira ce sosai, ratar da ke tsakaninta da allin ba za ta canza ba. In tana da ƙusumbi, allin zai zana farin layi a wuri guda ya bar sauran. A maimaita a gefen taya, a kuma maimaita a bakin wili, domin a san ko roba ce ta kumbura ko ƙarfe ne ya lanƙwashe. Kafin a sauke jak, a kama taya sama da ƙasa a jijjiga, don jin ko boris ya yi sako-sako, a kuma sa kunne ko za a ji ruwa yana kaiwa da komowa a ciki, abin da kan faru ga motar da ta daɗe a waje. Tsakanin tagwayen tayoyin baya ma a leƙa, domin dutse da busasshen taɓo suna son wurin.

Notunan ƙafa suna da tarko biyu. Na farko, na ɓangaren hagu zarensu na hagu ne, akwai harafin L a kansu, kuma yaron da bai sani ba zai yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake yi. Na biyu, a tagwayen baya kowane noti biyu ne, na ciki yana riƙe da wilin ciki, na waje yana hawa kansa, saboda haka na waje yana iya zama tamau alhali na cikin ya saki. Jan layin tsatsa da ke fitowa daga gindin noti shi ne shaidar wannan. Su waɗannan notuna su ne ke zaunar da wili a tsakiyarsa, don haka wilin da ramukansa suka yi faɗi ba zai sake juyawa daidai ba har abada.

Wani abu da ba kowa ya sani ba: aksul biyu na baya a M35 a ɗaure suke da juna, babu abin da ke ba ɗaya damar ya fi ɗaya sauri. In aka sa sababbin tayoyi a ɗaya, tsofaffi a ɗaya, to kowane zagaye ɗaya yana neman ya wuce, ɗayan yana riƙe shi, har sai roba ta zame a kan kwalta, motar ta yi ɗan tsalle, tayoyi su yi zafi su ci da wuri. Maganinsa igiya ce: a hura su iska daidai, a auna kewayen kowace, a haɗa masu kama da juna. Sai dai a kiyaye, wilin soja mai zobe ne, kuma zoben da bai zauna ba yana tashi da ƙarfin da ke kashe mutum. Ba a taɓa shi sai an sace iska duka, ba a kuma hura shi sai cikin keji ko an ɗaure shi da sarƙa.

Idan sitiyari ne ke kaɗawa hagu da dama, musamman bayan an faɗa rami, a sa mutum ya riƙa motsa shi kaɗan kaɗan mota tana tsaye, wani ya kwanta ya ɗora hannu a kan kowace gaɓa ta sandunan da ke kai umarni ga ƙafafun gaba; gaɓar da ɓari ɗaya ya motsa kafin ɗayan, ita ce ta ci.

Farfela

M35 farfela huɗu gare ta: wata 'yar gajeruwa tsakanin giyabos da akwatin rabo, watau ƙaramin giyabos mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya; ɗaya zuwa aksul na gaba; ɗaya zuwa na tsakiya; ɗaya kuma tsakanin na baya biyu. 'Yar gajeruwar nan ta yi suna wajen sakin notunanta, kuma da ita ya kamata a fara.

Tun ƙarni na 17 masanin Ingila Robert Hooke ya yi nazarin wata ɗabi'a ta kuros, cewa idan yana aiki a karkace, ko da abin da ke juya shi bai canza gudu ba, abin da yake juyawa sai ya yi sauri ya yi jinkiri sau biyu a kowane zagaye. Hikimar maƙera ita ce su sa kuros biyu, ɗaya a kowane kai, domin na biyu ya warware abin da na farko ya ƙulla, amma da sharaɗi biyu: kusurwarsu ta zo kusan ɗaya, kuma kunnuwan da ke riƙe da su a kan farfelar su kalli fuska guda. To, farfela tana da wurin da take zugewa ta tsawaita, mai haƙora, kuma idan aka zare ta aka mayar an goce da haƙori ɗaya tak, kunnuwan sun saɓa, sai mota ta kama ɓari alhali kowane ƙarfe a jikinta sabo ne. Saboda haka ne bakanike mai hankali yake zana layi da fenti kafin ya kwance. Kusurwa kuma tana ɓaci idan robobin sanduna shida masu riƙe da aksul na baya suka mutu, ko kujerun akwatin rabo suka zauna.

Wajen duba kuros, a tokare ƙafafu gaba da baya, a sa giya a furi, a saki birkin hannu, domin farfelar da nauyi ke kanta ba ta nuna sakinta. A kama ta da hannu biyu a murɗa, a ɗaga, a sauke. Jan gari kamar barkono a bakin kofunan kuros alama ce ta cewa giris ya ƙare, alluran ciki suna niƙa kansu. Akwai kuma wanda ba ya saki sai dai ya ƙage, shi kuwa ba a gane shi sai da zafinsa bayan tafiya, ko a sauke farfelar a lanƙwasa shi da hannu. A duba jikin bututun ko dutse ya loɓa shi, ko ɗan ƙarfen ma'auni da aka liƙa masa ya faɗi ya bar tabo.

In zato ya tsaya tsakanin farfela biyu, sai a cire ta gaba a gwada hanya. Kada a ce ai ba a sa jan gaba ba, domin ƙafafun gaba a haɗe suke da aksul ɗinsu kullum, suna juya farfelar ko ana ja ko ba a ja. Jan gaban ma, in ya maƙale bai saki ba a kan kwalta, yana kawo tsalle da nauyin sitiyari. Ga kuma gargaɗi wanda ya shafi rai: birkin hannu na wannan mota a bayan akwatin rabo yake, farfela yake kamawa, saboda haka wanda ya kwance ta baya ya bar motar ba birkin hannu ba giya, alhali yana kwance a ƙarƙashinta. Ita gangar birkin hannun ma da gudun farfela take juyawa, in ta cika da taɓo ko ta lanƙwashe ita kaɗai ta isa.

Injin

Injin mai silinda shida a jere daidaitacce ne tun asali, don haka rawarsa ba ta rasa dalili na kusa. Galibi silinda ɗaya ce ba ta cin wuta, kuma ana gane ta da sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya injin yana aiki a hankali: wanda aka sassauta murya ba ta canza ba, shi ne matacce. A nisanta hannu da fesin, domin yana huda fata. Bayan wannan sai fanka mai lanƙwasasshen reshe, da robar da ke cikin fulin gaban injin in ta tsage ta fito, da kujerun injin. In kuwa rawar ta fara ne bayan aikin kuloci, a koma can.

Tirela

Tirelar da aka saba haɗawa da wannan mota ita ce M105, mai ƙafa biyu, mai ɗaukar tan ɗaya da rabi, wadda zoben bakinta ke shiga ƙugiyar bayan mota. Hukuncinta mai sauƙi ne: a bi hanya guda da gudu guda, sau ɗaya da ita, sau ɗaya ba ita. In laifin nata ne, sai a rarrabe irinsa. Fizga gaba da baya tare da ƙara yayin tashi da tsayawa, rata ce tsakanin zobe da ƙugiya. Kaɗan daga ciki ɗabi'a ce, mai yawa kuwa cin ƙarfe ne ko notin ƙugiya ya saki. Lilo hagu da dama, wanda ke ƙaruwa da gudu, daga lodi yake: an tara nauyi a baya, baki ya yi sakayau, alhali abin da ake so kamar ushurin nauyin duka, ko fiye kaɗan, ya sauka a kan ƙugiya. Wannan lilo shi ya fi kowace girgiza cikin babin nan haɗari, kuma ba a maganinsa da ƙara wuta ko murɗa sitiyari, sai ɗaga ƙafa a hankali a tsaya a gyara kaya. Tsalle kuma, in tirela wayam take, sifirinta ne mai tauri da iska mai yawa.

Sauran duk abin da aka faɗa game da ƙafafun mota ya hau kanta, har ma ta fi, domin tirela ta fi mota daɗewa a ajiye. Tana da birkin hannu biyu, kowace ƙafa da nata, kuma sau da yawa ɗaya yakan ƙi saki sarai. Bayan tafiya kaɗan a kusantar da bayan hannu ga cibiyar kowace ƙafa. Wadda ta fi 'yar'uwarta zafi, ko birki ne ke kamawa ko boris ne ya bushe.

Mai laifi da mai amsawa

Saura mas'ala guda. Abin da ya fi ƙara a mota ba lalle ne shi ne asalin girgiza ba. Bonet da salansa da mariƙin safaya da ƙofar bodi duk masu amsawa ne, kuma wanda ya ɗaure su ya sami shiru a kunne, amma kuros yana nan yana ci. A ɗaure su, ba laifi, domin a ji abin da ke ƙarƙashinsu da kyau. Sa'an nan a riƙa canza abu ɗaya a kowane gwaji, a rubuta gudun da abin da aka ji, domin wanda ya canza taya da kuros da kujerun injin rana ɗaya, ko girgizar ta tafi, bai san wanne ya biya kuɗinsa a banza ba.

Mun ambaci gangar birki sau biyu a taƙaice muka wuce, da gangan. Birkin M35A2 iska ce ke taimakon mai, kuma layinsa guda ɗaya ne tak ga ƙafafu duka, ta yadda tiyo ɗaya in ya fashe, feda sai ta tafi har ƙasa. Yadda ake duba wannan layi tun daga tankin iska har zuwa cikin ganga, da yadda ake haɗa shi da na tirela, shi ne abin da babi na takwas zai yi bayani a kai.